Uwa, Kada Ki Jefa Motar Kara a Murhu

Wadda ke kan turmi ta ɗan sassauta taɓarya, wadda ke bakin murhu ta jawo rediyon kusa, domin zancenmu na yau a kan wani abu ne da ke zube a tsakar gidan kowaccenmu, muna tsallake shi safe da yamma, in itace ya yi ƙaranci ma mu hura wuta da shi. Ina nufin motar kara da yaranmu ke haɗawa.

Bari in fara ba ku labarin abin da ya jawo wannan magana. Kwanakin baya, bayan an gama yankan dawa, na je suna Kwatarkwashi, gidan wata ƙanwar mahaifiyata. Wadda ta san garin ta san yadda dutsen nan yake tsaye a kansa, tun daga kan titin Gusau zuwa Tsafe kina hango shi. Mata sun cika gida, ana ta raba tuwo da masa, ni kuwa hayaniya ta ishe ni na zaga bayan rumbu in sha iska. Can na tarar da jikanta, yaro ɗan kimanin shekara goma, ya duƙufa a kan wani abu, ko ɗaga kai bai yi ba. Da na duba sai na ga mota ce ta kara, tsawonta bai fi taki ɗaya da rabi ba, mai taya shida, an lulluɓe bayanta da ƙyalle kamar tamfol, an shafe ta da kore da ruwan ƙasa dabbare-dabbare. Ko ba a faɗa miki ba kin san motar soja ce.

Ina cikin kallo sai ga uwarsa ta zo wucewa da kwanon tuwo. Ta ce da ni, "Yaya, kin gani ko? Tun safe abin da yaka yi ke nan. Wallahi in ya sake shigo mani da wagga mota ɗaki, murhu za ni sa ta. Ni ban son ganin ta." Ta wuce. Yaron ya ɗora hannu biyu a kan motarsa ya rufe ta.

Na durƙusa na ce da shi, wannan mota ina za ta? Ya ce, "Gwaggo, ba ta yaƙi ba ta, ta rakiya ta. Ita ka raka motar Baba har Tsahe ta dawo." Sai ya jawo wata 'yar ƙarama daga ƙarƙashin rumbu, farar bas ta kwali, ya ɗaura ta da zare a bayan ta sojan. Ashe ubansa direba ne, kullum yana kan wannan hanya, kuma kullum in magariba ta gabato bai dawo ba, yaron yana ganin yadda uwarsa ke kasa zaune ta kasa tsaye.

'Yan uwa, ban ga laifin uwar nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu duka mun san halin da wannan yanki namu ya shiga a shekarun nan, daga Tsafe zuwa Bunguɗu har cikin Gusau. Akwai wadda ta baro ƙauyensu da daddare da goyo a bayanta, akwai wadda har yau take jiran wani nata. Mun ga shekarar 2021 da aka rufe layukan waya, mutum ba ya iya jin lafiyar ɗan uwansa da ke gari na gaba. Matar da ta ga wannan, in ta ce ba ta son ganin kamannin motar soja a ɗakinta, tana da hujja. Amma ina so mu ɗan tsaya mu duba abin ta ɓangaren yaron.

Yaro abin da ya gani yake ƙerawa. Lokacin da muke ƙanana, yayyenmu maza roka suke yi, da tirela, da a-kori-kura, su loda mata audugar da suka tsinto a gona su ce za su kai Gusau. Wasu su samo langa-langa, wato ƙarfen nan da ake ɗaure dilar auduga da shi, su lanƙwasa su yi mota mai dogon sitiyari suna turawa a tsaye. Iyayenmu kuma sun ce a zamaninsu jirgin ƙasa ake yi, saboda a lokacin jirgi na zuwa har Ƙauran Namoda, tun daga 1929. Yaran yau kuwa in sun fita makarantar allo ko an aike su, me ke wucewa a kan titi? Motocin sojoji, da Hilux ta jami'an tsaro, da ta Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024. To don me za mu yi mamaki in su suka fito daga hannunsu?

Abu na biyu, yaro ba shi da bakin da zai zauna ya ce, Inna, ina jin tsoro. Mu manya in abu ya dame mu mukan faɗa wa kishiya ko maƙwabciya ta kan katanga, ko mu tashi cikin dare mu kai kuka wurin Ubangiji. Shi yaro da wasa yake fitar da nasa. Wancan yaro na Kwatarkwashi ba zai iya hana ubansa fita ba, ba zai kuma iya tsare hanya ba, amma a bayan rumbu ya iya sa motar ubansa ta je Tsafe ta dawo lafiya sau goma kafin la'asar. Da uwarsa ta jefa motar a wuta, tsoron yana nan inda yake, sai dai ya koma ciki, ya fito da dare a mafarki, ko fitsarin kwance, ko yawan faɗa da ƙannensa.

Na san wata za ta ce, to ya hukuncin abin a addini? Ni ba malama ba ce, kuma kowacce ta sa maigida ya tambayar mata malamin da suka amince da shi. Abin da dai muka karanta a Islamiyya shi ne, maganar da malamai suka yi tsanani a kanta ita ce surar abu mai rai. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Mota kuwa ba ta da rai. Haka kuma ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa tun tana ƙarama, har da wani doki mai fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya bai hana ta ba.

Saboda haka shawarata ita ce, maimakon hani, ki jawo aikin ya dawo gabanki. Yaron da ke haɗa mota a gindin turminki kin san inda yake, kin san da wa yake tare. A wannan zamani wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ki sa hannu. Kada ki ce ai ni mace ce, me na sani game da mota? Hannun da ya iya saƙa faifai, ya iya ɗinkin hula, ya iya zanen lalle, babu abin da zai gagare shi a motar kara. Bari in bi da ku yadda ake yi, daga farko har fenti.

Farkon abu shi ne awo, kuma nan ne yawancin yara ke kuskure, ki ga taya ta fi kan mota girma, ko bodi ya yi tsawo kamar kwalbati. A ƙasashen waje akwai manyan mutane, masu gemu da furfura, da suka mayar da haɗa ƙananan motocin soja abin shaƙatawarsu. Wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Tamiya ya yi suna wajen sayar musu da kayan haɗin, kuma awon da suka fi amfani da shi shi ne ɗaya cikin 35. Ma'ana, duk abin da ke jikin babbar mota a raba shi gida 35 a ɗauki ɗaya. Babbar motar da ke da tsawon mita 7 sai ta dawo santimita 20, wato kamar takin babban mutum. Faɗinta, wanda yake wajen mita biyu da rabi, ya dawo santimita 7. Tayarta kuma ta dawo kamar santimita 3, daidai faɗin marfin kwalbar lemo. Kun ga ashe ma'aunin yana cikin gidanmu. In babu rula, ki riƙe wannan: tsawon mota ya yi faɗinta sau uku, kan mota ya ci kashi ɗaya, bodi ya ci kashi biyu, taya kuma ta ɗan gaza rabin faɗin motar. In yaron yana makarantar boko, ba shi rularsa ki ce shi zai yi rabawar. Lissafin da yake gudu a aji sai ki ga ya yi shi da kansa ba tare da bulala ba.

Sai kayan aiki. Karan dawa busasshe, miƙaƙƙe, wanda gara ba ta taɓa ba. Tsohon silifas. Bututun biro biyu ko uku da tawadarsu ta ƙare. Tsinken tsintsiya mai ƙwari ko guntun wayar keke. Kwalin sabulu ko na shayi. Tsumman atamfa ko na shadda. Ƙaro kaɗan, a jiƙa shi tun dare ya narke, ko kuma a dama sitaci da kauri. Duk cikin waɗannan babu abin da za ki cire kuɗi ki saya, sai fa ƙaron in babu shi a gida.

A fara da shasi, wato ƙashin bayan mota. A yanka kara biyu masu tsawo ɗaya, a jera su, a haɗa su da gajeru guda uku ko huɗu a gicciye kamar tsani. Ba a bukatar ƙusa. Ɓawon karan nan mai kaifi shi ake fiƙewa a yi tsinke da shi, a soka ya ratsa totuwar wannan ya shiga ta wancan. A diga ƙaro a mahaɗar. Kafin a ci gaba, a ajiye shasin a kan faranti ko daɓe mai sumul a duba. In wani gefe ya ɗaga, a gyara tun yanzu, domin in shasi ya karkace, duk abin da aka ɗora masa a karkace zai zauna.

Sai taya. A ɗora marfin kwalba a kan silifas a zagaye shi da biro, a yanka. Wannan yankan ke za ki yi, ko wani babba, kada ki bar wa ƙaramin yaro reza. Motar soja babba taya shida gare ta, biyu gaba, huɗu baya, ga kuma safaya da ake rataye wa a bayan kan mota, saboda haka bakwai za a yanka. A ɗan tsattsaga gefen kowacce da wuƙa ta yi zane irin na tayar daji. Ga dabarar da na koya wurin yaron nan: kada a soka tsinken taya a jikin kara kai tsaye, zai cije ya ƙi juyawa. A yanka bututun biro daidai faɗin shasi, a ɗaure shi a ƙasa da zare, a zura tsinken ta ciki, sa'an nan a kafa taya a kowane baki. Sai ki ga mota tana gudu a kan daɓe ba ta tirjewa.

Kan mota da kwali ya fi sauƙi. A zana ƙofa da taga kafin a yanka, a manna farar leda mai kauri ta ciki ta zama gilashi. A sa guntun kara a gaba ya zama bamba, wake biyu farare ko maɓallan riga su zama fitila. Shi kuma bodi, a ɓare kara a fitar da totuwa, a tsaga ta biyu, a jera kamar katako a yi ƙasa da gefuna. A lanƙwasa waya uku ko huɗu kamar baka a kafa a kan bodin. A tsoma tsumma a cikin sitaci, a matse, a shimfiɗa a kansu, a bar shi ya bushe a inuwa. In ya bushe zai sandare ya riƙe lanƙwasarsa tamkar tamfol na gaske. Kada a yi gaggawa a ce sai an gama yau. A ba kowane mataki kwanansa. Yaron da ya koyi jiran sitaci ya bushe ya fara koyon haƙuri.

To yanzu mu zo kan fenti, inda mu mata muka fi kowa ido. Abu na farko, ɓawon kara yana da santsi, ba ya kama launi. A goge shi da yashi mai laushi, ko a manna masa takarda da sitaci. Sa'an nan a dama farar ƙasa da ruwan ƙaro a shafa ko'ina siriri, a bari ya bushe. Wannan shi ne shimfiɗa, kamar yadda ake yaɓe ɗaki kafin a yi masa ado. Kore kuwa ba sai an sayo ba. Ki haɗa bular wanki da garin gangamau, shuɗi da rawaya in sun gamu kore suke bayarwa. Zai fito da haske kamar ganyen damina, alhali koren soja a dushe yake, saboda haka ki ɗan yafa baƙin tukunya ko garin gawayi har ya yi duhu. Ruwan ƙasa kuma, jar ƙasa ce a tankaɗe a dama da ƙaro. Baƙi, gawayi. Kowanne da ruwan ƙaro ake dama shi don ya kama. Abin shafawa, gashin kaza ya isa, ko a tauna bakin asuwaki ya yi laushi. A shafa siriri sau biyu ya fi a laɓta da kauri sau ɗaya, domin mai kauri in ya bushe tsagewa yake yi.

A fara da launi mai haske a game jikin duka, in ya bushe a bi da mai duhu dabbare-dabbare. Kada dabbaren su zama iri ɗaya, kada kuma a jera su kamar zanen atamfa. A bar su su ratsa daga ƙofa su hau tamfol, su gangaro daga bodi zuwa ƙasa. In yaro ya tambaye ki don me ake yi wa motar soja haka, ga amsa. Ido yana gane mota daga nesa ne saboda miƙaƙƙun layukanta, domin a daji babu abin da ya miƙe sak kamar gefen bodi. Dabbaren suna karya wannan layi, sai motar ta saje da inuwar itace da ciyawa. Ki nuna masa fakara in ta laɓe a cikin kara, ko zabuwa a gindin kalgo. Dabarar halittar Allah ce mutane suka kwaikwaya.

Akwai kuma abin da ya ba ni dariya da na gani a wurin waɗancan masu haɗawa na ƙasashen waje. Bayan sun gama fenti tsaf, sai su sayo wani gari su shafa wa motar don ta yi kamar ta sha ƙura ta tsufa, wai sai haka take kama da ta gaske. Na ce Allah sarki, su da kuɗi suke sayen ƙura, mu kuwa hunturu na kawo mana ita har cikin kwanon miya. Ki ɗebi jar ƙasa busasshiya a yatsa ki goga a tayoyi da ƙasan bodi, ki bar sama da ɗan haske. In kina da makuba, ki shafa wa katakon bodin kaɗan, zai yi duhu ya yi sheƙi irin na tsohon katako.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku da kyau, domin nan ne wurin da ba wasa. Na farko, dalma. Mu mutanen Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa, wani lokaci a cikin gidaje, a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Abin da nake so ku sani shi ne, ba a dutsen zinari kaɗai dalma take ba. Tana cikin tsohon batirin mota da na babur, kuma akan same ta a cikin wasu fentocin mai, irin na ƙofa da na ƙarfe. Ba ta da wari, ba a ganin ta, a hankali take taruwa a jikin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Don haka kada yaro ya fasa batiri, kowane iri ne, don ya sami baƙi. Kada ya kwaso ragowar fenti daga wurin masu gini ko masu gyaran mota, balle ya sirka shi da fetur a kusa da murhu. Wannan ne ya sa na kawo muku haɗin gida. Ko shi ma, bula ba abin sha ba ce, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Na biyu, gwangwani. Wasu yaran sun fi son motar gwangwani don ta fi ƙarko. In za a yi, na madara ko na tumatir, babba ya yanka ya danne bakin. Gwangwani ko robar maganin feshi na gona, ko an wanke sau goma, kada ya shigo cikin wasa. In kuma ƙarfe mai tsatsa ya yanki yaro, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, kada a tsaya shafa toka ko ƙasa. Ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli da yara ke cirowa don su sa wa mota fitila, a kiyaye su daga masu rarrafe, haɗiye su na iya ƙona maƙogwaro.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Ki ja kunnen ɗanki, duk wani ƙarfe da ya gani a gona ko a bakin hanya wanda bai san shi ba, ko kwanson harsashi, kada ya ɗauka, kada ya taɓa, ya zo ya faɗa wa babba. Kada ya je kusa da shingen jami'an tsaro ko inda suka ajiye motocinsu wai don ya ƙare musu kallo, kada kuma ya ɗauki wayar yayansa ya ce zai ɗauki hoto. Abin da ya hango daga nesa ya ishe shi. Batun bindiga kuwa, ni a ganina a tsaya a mota. Bindigar katako ko ta kara da aka shafa wa baƙi, in yaro ya fita da ita da magariba, wanda ya hango shi daga nesa ba zai san ta wasa ba ce. In ya nace sai ya ɗora wani abu a bayan motar, ki ce masa ai motar soja ba bindiga kaɗai take ɗauka ba, tana ɗaukar ruwa, da buhunan abinci, da marasa lafiya. Ɗinka masa 'yan buhuna da tsumma ki cika su da gero ya yi lodi.

Kuma in kuna zaune kuna aikin, ki tambaye shi kamar yadda na tambayi wancan: ina motar za ta, wa ke ciki, yaushe za ta dawo? Ki saurara, kada ki katse shi. A nan za ki ji abin da ke cikin ransa. In kin ji wasan kullum na harbi ne da kisa, ko yana kwaikwayon waɗanda ke cikin daji yana alfahari da su, to kada ki yi shiru, kada kuma ki rufe shi da duka. Ki sanar da mahaifinsa da malaminsa a zauna da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata za ta ce, duk wannan wahala a kan kara, me zai tsinana masa gobe? To ku ji. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato ne, nan maƙwabtanmu. Tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, daga nan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya karanci zanen mota, ya kama aiki da kamfanin General Motors. Shi ya zana surar motar nan mai aiki da lantarki, Chevrolet Volt, da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da ƙera motoci ta Nijeriya. A irin waɗannan manyan kamfanoni, kafin a ƙera sabuwar mota sai an fara gina ƙaramarta da wani irin yumɓu an duba ta ta kowane gefe. Ban ce kowane yaro zai zama Jelani ba. Amma muna da kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, muna da jami'ar tarayya a Gusau, ga makanikai da kafintoci da masu walda da ke ciyar da gidajensu da hannunsu. Dukansu awo da haƙuri suke nema wurin yaro. Kuma don Allah in 'yarki mace ta matso tana son ta riƙe rula, kada a kore ta a ce wasan maza ne. A ba ta, ita ma ta auna.

Kafin in baro Kwatarkwashi ran nan, na ja uwar yaron gefe na faɗa mata abin da ya ce da ni game da rakiya. Ta yi shiru, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ita ba ta taɓa tambayarsa ba. Da na kira ƙanwar mahaifiyata bayan mako biyu, ta ce mini motar tana nan, an ma ba ta wuri a ƙarƙashin gado, kuma uwar ce da kanta ta yanka masa tsohon zanenta aka sake sabon tamfol.

To 'yan uwa, agogo ya nuna lokacinmu ya ƙare. Wadda ta gwada haɗin koren nan ta aiko mana da saƙo ta faɗa mana yadda ya fito, wadda kuma ta san wata dabara da ta fi tawa ta taimaka mana da ita mu karanta wa sauran. Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mazajenmu da ke kan hanya da waɗanda ke gona, ya tsare masu tsaronmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu da rai da lafiya. A gaida maigida, a shafa mini kan yara.